Yadda Ake Rage Ciwo Mai Daɗewa Ta Hanyar Abinci, Gashi, Tausa Da Motsa Jiki

Ciwon da ya wuce wata 3 yana damun mutum, ko yana lafawa yana dawowa, shi likitoci ke kira ciwo mai daɗewa, kuma galibi a gwiwa, ƙugu, gadon baya, wuya da kafaɗa yake zama. Wannan bayani na wanda likita ya riga ya duba ne, aka san abin da ke damunsa, yana kuma son ya san abin da zai ƙara da kansa a gida a kan maganin da aka rubuta masa. Na daɗe ina bin wannan tsari tare da masu fama da irin wannan ciwo, kuma abin da na fi gani yana hana su cin moriyarsa shi ne gaggawa: mutum zai sauya abinci, ya fara shan haɗin ganye, ya kama motsa jiki, duk a mako guda, idan ya ji sauƙi bai san abin da ya kawo shi ba, idan ciwon ya ƙaru bai san abin da zai bari ba. Saboda haka an gina matakan da ke tafe a kan ƙa'ida ɗaya, wato a shigo da abu ɗaya, a rubuta abin da ya biyo baya, sannan a ƙara na gaba.

Kayan da ake buƙata

Ana buƙatar ƙaramin littafi da biro, da agogo ko wayar da za a riƙa auna lokaci da ita, da tawul guda 2 masu kauri, da jakar roba ta ruwan zafi, da ƙanƙara ko jakar sanyi, da kujera mai ƙarfi wadda ba ta da tayoyi, da tabarma ko bargo na shimfiɗawa a ƙasa, da man shafawa marar turare, da sikelin awon nauyi. Idan babu jakar ruwan zafi, tawul da aka tsoma a ruwa mai ɗumi aka matse yana yin aikin, sai dai yana saurin hucewa, don haka sai an riƙa sake tsoma shi. Idan babu ƙanƙara, tsumma da aka jiƙa da ruwa mafi sanyi da aka samu ya wadatar. Wanda ba shi da sikeli yana iya auna ƙugunsa da awon tela daidai cibiya, sau ɗaya a mako. Sai kuma takarda ɗaya da aka rubuta sunayen duk magungunan da mutum ke sha, har da na gargajiya, domin za a neme ta a mataki na 4.

Mataki na 1: A tabbatar ciwon na kula wa a gida ne

Akwai alamun da idan sun bayyana, asibiti ake nufa ba tare da jinkiri ba. Daga cikinsu akwai ciwon ƙirji, musamman mai sauka hannu ko muƙamuƙi, da ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da ciwon baya da ya haɗu da mutuwar ƙafa ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da ciwon da ke tare da rama ba gaira ba dalili, da wanda ya biyo bayan faɗuwa a tsoho. Duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan, ya ajiye wannan bayani sai bayan an duba shi.

Mataki na 2: A yi mako guda ana rubutu kawai

A makon farko ba a sauya komai. Safe da yamma mutum zai ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo ko kaɗan, 10 kuma ciwo mafi tsanani da zai iya tunani. Kusa da makin sai ya rubuta abin da ya ci, da awannin da ya yi barci, da aikin da ya yi, da yawan maganin kashe zafi da ya sha. Sannan ya zaɓi aiki ɗaya da ciwon ke hana shi, kamar hawa bene, ko durƙusawa, ko tafiyar ƙafa, ya rubuta iya abin da yake yi a yanzu, misali minti 8 na tafiya kafin gwiwa ta matsa.

Mutane da yawa suna raina wannan mataki suna tsallake shi, alhali shi ne ma'aunin duk sauran. Ciwo mai daɗewa yana hawa da sauka da kansa, kuma mutum ya fi neman sabon magani a ranar da ciwon ya kai ƙololuwa, wanda ko ba a yi komai ba daga nan sauka zai yi. Da haka ne abubuwa marasa amfani ke samun suna. Idan akwai rubutun mako guda, sai a haɗa makin a raba, a sami matsakaici, shi za a riƙa kwatanta komai da shi. Raguwar maki 2, ko kusan kashi 30 cikin 100, ita ake ɗauka a matsayin sauƙi na gaske.

Mataki na 3: A gyara faranti

Abinci ba ya kashe ciwo nan take kamar ƙwayar magani. Aikinsa ta hanyoyi biyu ne masu tafiyar hawainiya, wato rage nauyin da gaɓoɓi ke ɗauka, da rage kumburin cikin jiki da ƙiba da yawan sukari ke rurawa. Hanya ta farko ita ce mafi tabbas. An auna cewa kowane kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 na matsi a kowane taku, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana kawo sauƙin da ake ji ga masu zaizayar gwiwa. Ga mai kilo 80, wannan na nufin kilo 4 zuwa 8, a hankali, kusan rabin kilo a mako.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba faranti da ido. Rabi ya zama ganyaye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu hatsi ko wani abinci mai sitaci, zai fi kyau wanda ba a cire masa dusa ba, sauran kashi ɗaya cikin huɗun kuma wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin abincin gwangwani da ɗunƙulen ɗanɗano, sukarin da ake ƙarawa kuma kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samu daga abinci, wanda ga babba ya kai kusan ƙananan cokula 12. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye mafi yawan wannan adadi, shi ya sa nake cewa a fara da ita: a makon farko na wannan mataki a bar lemon kwalba da shayi mai yawan sukari kawai, a mako na biyu a ƙara ganye a abinci biyu na rana, a mako na uku a rage soye-soye da naman da aka sarrafa a masana'anta.

Kifi mai maiƙo, irin su sadin da makarel, yana ɗauke da man omega-3, kuma cin sa sau 2 a mako yana da kyau, musamman ga masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, domin yana ɗan rage sandarewar safiya. Inda kifi ya yi wuya, a dogara da wake da gyaɗa da riɗi da ƙwai don samun abin gina jiki, a yi girki da man zaitun ko wani man tsirrai maimakon kitsen dabba. Amma a nan akwai togaciya babba. Wanda ciwonsa gawut ne, wato ciwon da ke kumbura gaɓa, galibi babban ɗan yatsan ƙafa, saboda taruwar sinadarin yurik asid, sadin na cikin abin da zai rage, tare da hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, da jan nama mai yawa, da barasa da lemo mai zaƙi. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa da yawa sai da sanin likita.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne yanke abinci barkatai. Wani zai ce a bar tumatir, wani ya ce madara, wani alkama, kafin a ankara mutum ya rame, ya rasa ƙarfin tsoka, ciwon yana nan. Idan littafin ya nuna ciwon na tashi bayan wani abinci sau da yawa, a bar shi shi kaɗai na mako 3, sannan a dawo da shi a ga ko makin zai hau. Idan bai hau ba, abincin ba shi da laifi. Haka kuma tsallake abinci da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon kai ga masu ciwon ɓarin kai, don haka rage nauyi ta hanyar zama da yunwa ba hanya ba ce. Ma'aunin ruwa kuwa launin fitsari ne, idan ya yi haske to ruwan ya isa.

Mataki na 4: Citta da kurkum, idan babu abin da ya hana

Bayan mako 3 ko 4 ana iya gwada ɗayansu. Kafin nan a kai takardar magungunan nan ga likita ko mai ilimin haɗa magani, domin citta da kurkum da tafarnuwa, idan aka sha su da yawa, suna iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Mai tsakuwar matsarmama da mai ciwon hanta su guji ƙwayoyin kurkum na kanti, mai juna biyu ta tsaya ga abin da ake sa wa a girki, wanda kuma za a yi wa tiyata ya sanar da likitoci abin da yake sha.

Ana yanka ɗanyar citta kamar girman gaɓar babban yatsa, a tafasa a kofi 2 na ruwa na minti 10, a tace a sha kofi ɗaya ko biyu a rana, bayan cin abinci domin tana iya kawo ƙwarnafi. Kurkum kuwa rabin ƙaramin cokali ake sa wa a abinci mai ɗan mai, tare da ɗan masoro, saboda sinadarin da ke cikinsa ba ya shiga jini sosai sai da mai da masoro. Amfaninsu a ciwon gaɓa matsakaici ne, ba kowa ke samu ba. A ba su mako 4, idan matsakaicin makin bai motsa ba, a bar su ba tare da ƙara yawa ba.

Abin da nake hanawa ƙwarai shi ne haɗe-haɗen da ba a rubuta abin da ke cikinsu ba, waɗanda ke ɗauke ciwo cikin kwana ɗaya ko biyu. An sha kama irin waɗannan an cakuɗa su da magungunan asibiti masu ƙarfi irin su deksametason a ɓoye, kuma shan su na tsawon lokaci yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kada ya yanke lokaci ɗaya, ya kai shi asibiti a duba.

Mataki na 5: Gashi da zafi ko da sanyi

Wannan ne ke kawo sauƙi mafi sauri, ana iya fara shi tun mako na biyu a ranakun da ciwon ya matsa, muddin an rubuta. Zafi na tsokar da ta ɗaure ne da gaɓar da ta sandare, da ciwon baya da ciwon mara na al'ada, domin yana buɗe hanyoyin jini yana saki tsoka. Sanyi na sabon targaɗe ne a kwana 2 zuwa 3 na farko, da gaɓar da ta kumbura bayan aiki. Kowanne ana naɗe shi a tawul, a ɗora na minti 15 zuwa 20, a bar fata ta koma yadda take kafin a maimaita, sau 3 ko 4 a rana.

Ba a zuba tafasasshen ruwa a jakar, ba a kuma yin barci da ita. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta rage jin taɓi kada ya yi mata gashi, saboda yana iya ƙonewa bai sani ba, kuma ƙunar ba ta saurin warkewa. Mai sikila ɗumi ne nasa, ƙanƙara tana iya tayar masa da ciwon. Kada a ɗora zafi a kan wurin da aka shafa wa man zafi. Man da aka yi da sinadarin barkono yana taimaka wa wasu masu ciwon gwiwa da yatsu, amma sai an yi mako 2 zuwa 4 ana shafawa kullum kafin a ga aikinsa, kuma dole a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido.

Mataki na 6: Motsa jiki daidai gwargwado

Daga cikin duk abin da aka ambata, motsa jiki ne ya fi samun goyon bayan bincike, kuma shi mutane suka fi tsoro. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon baya mai daɗewa, inda ta sa motsa jiki da tausa da ilimantar da majiyyaci cikin abin da ake so, ta kuma hana dogaro da ɗamarar baya da magunguna masu sa maye dangin mofin. Dalili shi ne kwanciya na tsawon lokaci tana narkar da tsokar da ke tallafe da gaɓa, sai gaɓar ta ƙara ɗaukar wahala.

Yadda ake farawa shi ne a koma littafi. Idan mutum yana iya tafiyar minti 10 kafin ciwo ya matsa, ya fara da minti 8, kullum, ranar sauƙi da ranar wuya iri ɗaya, sannan ya ƙara kusan minti 1 kowane mako. Tarkon da ke kama kusan kowa shi ne ranar da aka tashi garau, a ce yau za a rama duk ayyukan da aka bari, washegari a kwanta kwana uku. Burin da ake nufa a ƙarshe shi ne minti 150 a mako, amma ba laifi a ɗauki watanni kafin a kai.

Ga mai ciwon gwiwa, ya zauna a kujera ya miƙe ƙafa ɗaya sambal, ya riƙe na daƙiƙa 5, ya sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, sannan ya tashi tsaye daga kujerar ya koma ya zauna sau 5 zuwa 10, da dafa hannu da farko, daga baya ba dafawa. Mai ciwon baya ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji na daƙiƙa 20, ya sauya, sannan ya lanƙwasa gwiwoyi ya ɗaga ƙugu sama na daƙiƙa 5. Yin gashin zafi na minti 10 kafin a fara yana sauƙaƙa komai. Ɗan ciwo yayin motsi ba alamar lahani ba ce, amma idan bayan awa 2 ciwon ya fi yadda yake kafin a fara, an wuce kima, gobe sai a rage. Ciwo mai suka kamar lantarki, ko sabon kumburi, shi ne na tsayawa. Wanda tafiya ta gagare shi yana iya yin keke ko motsi a cikin ruwa, inda nauyi ke raguwa a kan gaɓa.

Mataki na 7: Tausa, numfashi da barci

Tausa ana yin ta ne a kan tsoka, ba a kan ƙashi ko gaɓar da ta kumbura ba. A ɗumama mai a tafin hannu, a riƙa shafawa da dogon ja zuwa wajen zuciya, a ƙara matsi a hankali har inda mai ciwon ke jin daɗi, na minti 10. Wanda ba shi da mai yi masa yana iya sa ƙaramar ƙwallo tsakanin bayansa da bango ya riƙa murzawa. Sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi a ƙafa ɗaya ba a taɓa ta, domin tana iya zama gudan jini, kuma matsa ta na iya tura shi huhu.

Numfashi abu ne da ake yi wa dariya har sai an gwada shi. A zauna, a ɗora hannu a ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4 har cikin ya taso, a fitar a hankali ana ƙirga 6, na minti 5, safe da dare. Fargaba da damuwa suna ɗaure tsoka suna kuma sa ƙwaƙwalwa ta ƙara jin zogi, numfashi mai tsawo kuwa yana sassauta wannan. Barci ma haka, daren da aka yi ƙarancinsa washegari makin ciwo kan hau, kuma mutum zai ga haka da idonsa a littafinsa. A nemi awa 7 ko fiye, a tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a bar kofi da shayi mai ƙarfi daga tsakar rana. Mai ciwon baya ya sa matashi tsakanin gwiwoyi idan a gefe yake kwanciya, ko ƙarƙashinsu idan rigingine.

Tsira allurai irin na ƙasar Sin yana kawo wa wasu sauƙi na ɗan lokaci a ciwon baya da gwiwa, kaho kuma hujjarsa ba ta kai haka ƙarfi ba. Duk wanda zai yi ɗayansu ya tabbatar an buɗe sabon kayan aiki a gabansa, domin ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau suna bin allura da aska, kuma mai shan maganin tsinka jini ko mai ƙarancin jini ya nisanci duk abin da zai fitar da jini.

Mataki na 8: A yi lissafi bayan mako 8

A fitar da matsakaicin makin makon ƙarshe a kwatanta da na makon farko, a duba aikin nan da aka zaɓa, a ƙirga ƙwayoyin kashe zafi da ake sha a mako. Sau da yawa makin ciwo zai ragu kaɗan ne, amma tafiyar minti 8 ta ƙaru, kuma wannan ci gaba ne da ya kamata a ƙirga. Abin da ya nuna amfani a riƙe shi, wanda bai nuna ba a ajiye. Sannan a ɗauki littafin a kai wa likita, shi zai yanke ko za a rage magani. Kafin nan babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a rana, kada a haɗa ibufurofen da daikilofenak a lokaci ɗaya, kada a sha su cikin ciki wayam, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda kuma su guje su sai da izinin likita. Idan bayan mako 8 babu abin da ya motsa, ko ciwon ya sauya wuri ko kama, a nemi a sake bincike, a kuma roƙi a tura mutum wurin likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai domin ya tsara masa motsin da ya dace da ciwonsa.